Albasar Kwaɗi da Ruwan Indararo: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan marka ta kankama a watan Agusta, duk mai gida a Yammedi ya san inda hankalinsa yake komawa: gindin katanga. Indararo na ta zuba kamar da bakin ƙwarya, ruwan ya ci ƙasan bango, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta kwata, ya je lungu ya kwanta. Bayan kwana biyu wurin ya zama caɓi, bayan mako guda sauro ya samu masauki. Wata bakwai bayan haka, a tsakiyar bazara, yaran gidan nan ne za ka gani da jarkoki a bakin rijiya suna jiran layi. Ruwan da muka kora da hannunmu a damina, shi muke nema ido rufe da rani.

Akwai ƙaramin aiki da zai rage wannan asara, wanda bai fi ƙarfin mutum ɗaya da fartanya da shebur ba. A haƙa ɗan kwari mara zurfi inda ruwan rufi zai taru ya nutse, a dasa masa furen da ya saba da jiƙa da bushewa irin na ƙasarmu. Furen kuwa ba sai an je gari an sayo ba. Yana nan a fadamunmu, kakanninmu ma sun raɗa masa suna tuntuni: albasar kwaɗi.

Yawan ruwan da ke zuba daga rufi ɗaya

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Ɗauki ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. Ruwa mai ƙarfi na dare ɗaya, mai milimita 30, zai zubo da lita 600 daga wannan rufi kaɗai. Duro uku ke nan, ko jarka 24 masu cin lita 25. A wannan yanki na yammacin Kano, ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, kuma kusan dukkansa daga Mayu zuwa farkon Oktoba yake sauka. Ko da milimita 900 aka samu, rufin ɗakin nan ya tara lita 18,000, wato duro 90.

Mutanen Karaye, inda Yammedi take, ba baƙin tare ruwa ba ne. A ƙasarsu madatsar ruwan Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Waccan aikin gwamnati ce, tana tare ruwa a sarari. Abin da muke magana a kai aikin gida ne, kuma a cikin ƙasa yake ajiye ruwan, inda rana ba ta shanye shi da wuri, inda saiwar bishiya ke samunsa.

Mene ne lambun ruwan sama?

Ɗan kwari ne mai faɗi, zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, an sassauta ƙasarsa, an dasa tsirrai a ciki. Idan aka yi ruwa sai ya cika, cikin yini ɗaya ko biyu ƙasa ta shanye. Nan ne bambancinsa da kududdufi. Kududdufi riƙe ruwa yake yi har wata da watanni, shi kuwa wannan aikinsa ya karɓa ya miƙa wa ƙasa.

Sunan daga Amurka ya fito. A 1990 aka fara yin irinsa a wata sabuwar unguwa a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, inda aka yi wa gidaje ƙananan kwaruruka maimakon a tura ruwan duka cikin manyan magudanai. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Manoman Illela da Badagishiri a jihar Tawa ta Nijar sun farfaɗo da gonakin da suka zama fako ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su kama ruwa, da kuma kunya mai siffar rabin wata. A Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo ya raya daji guda da irin waɗannan ramuka da suke kira zai, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Lambun ruwan sama tassa ce da aka faɗaɗa, aka kawo ta kusa da gida.

Wahalar ita ce samun tsiron da zai jure zama a ciki. A Agusta gindinsa na cikin ruwa, a Maris ƙasar ta bushe ƙamas. Furannin da ake sayarwa a bakin titi a birni, yawancinsu baƙi ne: ko dai su ruɓe da marka, ko su ƙone da bazara in ba a bi su da ban-ruwa kullum ba.

Wace ce albasar kwaɗi?

Sunanta ya faɗi mazauninta. Tana fitowa a gefen fadama da kwaruruka masu riƙe danshi, inda kwaɗi ke kuka da farkon damina. Masana tsirrai suna kiranta Crinum ornatum, kuma ana samunta a faɗin yankin dajin ciyawa na Afirka, daga Senegal har Sudan. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya tarar da sunan nan a bakin mutane. Wasu kan haɗa ta da danginta su kira su duka gadali, sunan da ya zo daga Fulatanci.

A ƙarƙashin ƙasa tana da kai irin na albasa, sai dai ya fi girma, yakan kai dunƙulen hannu ko ya fi. A nan take ajiye abinci da ruwa. Ganyenta dogaye ne masu santsi, gefensu na ɗan lanƙwasa, suna fitowa daga tsakiya su bazu. Ba ta yaɗo, ba ta hawa bango, tsayinta da wuya ya wuce ƙugun mutum, saboda haka ko ƙaramin wuri ya ishe ta. Da ruwan fari ya jiƙa ƙasa sai ta fitar da kara mai kauri, a kansa furanni su buɗe: manya, farare, kowane ɓangare da jan zane a tsakiyarsa. Idan rani ya shigo ganyen ya bushe, sai a ɗauka ta mutu, alhali barci take yi. Shekara na zagayowa ta farka, kuma haka za ta yi ta yi shekara da shekaru ba tare da an sake shuka ba.

Wannan ɗabi'a ce ta sa ta dace da aikin. Jiƙa da bushewar da ke kashe baƙon fure, a kansu ta ginu.

Me ya haɗa fure da amfanin gona?

Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu barbara, shi ya sa manomin hatsi ba ya lura da aikin ƙwari. Amma kabewa da kankana da guna da duma da gwanda ba sa yin 'ya'ya yadda ya kamata sai wani ƙwaro ya ɗauki garin fure daga wannan fure ya kai wancan. Riɗi da auduga kan yi da kansu, amma ƙwari na ƙara musu auki sosai. Wani bincike da aka yi a gonakin Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa da aka hana ƙwari isa ga furanni, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Babban rahoton masana na duniya na 2016 ya ce fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar wannan aiki. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma. Mu kuwa tun a makarantar allo muka san darajarsa, tunda sura guda ta Alƙur'ani, Suratun Nahli, da sunansa ake kiranta.

Su waɗannan ma'aikata ba a biyansu da kuɗi, abinci kawai suke nema. Abincin nan kuwa yana ta raguwa. Gefen gona da a da ake bari da ciyayi masu fure, yanzu maganin ciyawa ya share shi. Fadamu sun koma noman rani. Feshin maganin ƙwari a kan wake da tumatir da barkono ba ya tantance mai ɓarna da mai taimako.

Wa albasar kwaɗi take ciyarwa? Dubi siffar furen. Fari ne, yana da dogon maƙogwaro siriri, ruwan zaƙinsa na can ƙasa, ƙamshinsa kuma da yamma yake tashi. Irin wannan fure na masu yawon dare ne, wato manyan dangin malam-buɗe-littafi masu kaurin jiki da dogon baki, waɗanda ke tsayawa cak a iska suna tsotsa. Su ne kuma ke ziyartar furen duma, wanda shi ma fari ne kuma da dare yake buɗewa, da furen gwanda. Ashe ƙwaryar da ake dama fura a ciki tana da alaƙa da waɗannan ƙwari. Ƙudan zuma da galla bakinsu bai kai ƙasan furen ba, sai dai su kwashi garinsa da safe. Don haka albasar kwaɗi ita kaɗai ba za ta ƙosar da su ba, tana buƙatar abokan zama, kuma za mu zo kansu.

Zaɓen wuri da gwajin ƙasa

Ku fita lokacin da ake ruwa ku ga inda yake bi. Ana son wuri a kan hanyarsa, ƙasa da gida, mai samun rana aƙalla rabin yini. Ya yi nesa da gindin gini da mita 3, in ginin ƙasa ne a ƙara ya kai 4, domin danshi abokin gaban katanga ne. Kada a yi shi kusa da masai, don ruwa na iya rufta ramin ko ya kwaso ƙazanta, kuma kada a yi shi a bakin rijiya. Idan tsakar gida ta yi ƙunci, a duba ƙofar gida, ko harabar makaranta, ko ta masallaci da asibiti, inda rufin ke da faɗi kuma filin ke zaune haka nan.

Kafin a fara haƙa, a gwada ƙasar. A tona rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa, a bari ya shanye, a sake cikawa. Idan cikon na biyu ya ɓace cikin yini da dare ɗaya, wurin ya yi. Idan bayan kwana biyu ruwa na nan tsaye, laka ta yi yawa ko akwai marmara a ƙasa, sai a nemi wani wuri. Jigawa takan sha da sauri, jar ƙasa mai ɗan yashi ma haka.

Yadda ake haƙawa

Bazara ce lokacin aikin, kafin ruwa ya sauka. Ga ɗakin da muka yi lissafi da shi, kwari mai mita 2 tsawo, mita 1 da rabi faɗi, zurfin santimita 20, zai ɗauki kimanin lita 600. Idan rufin ya ninka, a ninka faɗin kwarin, kada a ƙara zurfi, saboda yara.

Ƙasan kwarin ya zama a baje, gefensa kuma ya gangara a hankali kamar kasko. Bayan an kai zurfin da ake so, a sassauta ƙasar da ke ƙasa da wani taƙi ɗaya, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gida, in tana da danƙo a ƙara yashi. Ƙasar da aka fitar a yi kunya da ita ta ɓangaren gangare, a daddanne. A jikin kunyar a bar ƙaramar kafa, a jera mata duwatsu, domin ranar da ruwa ya fi ƙarfin kwarin ya samu mafita. A tabbata mafitar ba ta nufi katangar maƙwabci ba.

Daga ƙarƙashin indararo zuwa kwarin a ja 'yar hanya, a shimfiɗa mata duwatsu ko fasassun bulo don kada ruwa ya zaizaye ta. A saman ƙasar kwarin a baza tsakuwa. Ƙaiƙayi yakan taso ya bi ruwa, karan dawa kuma yana gayyato gara kusa da gida.

Ruwan rufi kaɗai ake so. Ruwan wanki da na wanke-wanke yana ɗauke da sabulu da maiƙo, yana toshe ƙasa, yana kuma hana wurin bushewa.

Samun iri da dasawa

Hanya biyu ce. Ta farko, 'ya'yan da ke fitowa a jikin uwar. Tsohon gindi yakan tara ƙananan kawuna kewaye da shi. Da farkon damina, in ƙasa ta yi laushi, a tona gefe ɗaya a ɓalle biyu ko uku da saiwarsu, a mayar da ƙasa a bar uwar a wurinta. A yi wannan lokacin da take fure ko a sa mata alama tun lokacin, domin akwai wasu masu kai irin nata, kamar albasar kura, da ke iya rikita mutum.

Ta biyu, iri. Bayan fure ya kaɗe, karan yakan sunkuya ƙasa da 'ya'ya masu ɗauke da iri manya masu tsoka. Wannan iri ba ya ajiyuwa kamar gero a rumbu. Da ya nuna yake fara tsira, don haka a ɗora shi a kan ƙasa mai danshi nan take, a ɗan danna rabinsa ciki, kada a binne. Mai shuka iri sai ya yi haƙuri, don yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya ga fure.

Ina roƙon mai karatu abu ɗaya a nan: kada a je fadama a kwashe ta kaf. Gyaran gida bai halatta talauta daji ba. A nemi izinin mai wurin, a ɗauki kaɗan. Mafi kyau ma, a ceto waɗanda garma ta tono a fadamar da ake sharewa don noman rani, waɗanda da ma zubar da su za a yi.

Wajen dasawa, a binne kan duka, wuyansa ya zo daidai da fuskar ƙasa. A bar tazarar kamu ɗaya ko fiye tsakaninsu. Shida zuwa takwas sun ishi kwarin da muka auna. Albasar kwaɗi ba ta son a riƙa taɓa saiwarta, wani lokaci takan ƙi yin fure a shekarar da aka dasa ta. Wannan ba alamar mutuwa ba ce, zama take yi.

Abokan zama

A bakin da ruwa ke shigowa, a dasa jema gindi biyu ko uku. Ita ma 'yar fadama ce, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, tana karya ƙarfin ruwa, tana tace ƙasar da ya kwaso. A kan kunya, inda ruwa ba ya kwanciya, a sa ɗoɗɗoya. Ƙananan furanninta na jan ƙudan zuma wata da watanni, ga ganyenta na shiga tukunya. Idan hankufa ta fito da kanta a gefe, a bar ta, ƙananan furanninta masu ruwan ɗorawa abincin ƙudan zuma ne. A ɗan nesa kaɗan a kafa zogale. Asalinsa daga Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida, yana kuma yin fure da rani lokacin da daji ya bushe, saiwarsa kuma za ta amfana da ruwan da kwarin ya ajiye. A guji duman rafi, yana mamaye wuri, yana kuma cutar da awaki da tumaki.

Kulawa daga damina zuwa damina

A makonnin farko, in ruwa ya ɗauke fiye da mako, a ba ta ɗan ruwa. Bayan ta kama, shi ke nan. Da damina a cire ciyawa da hannu, a kwashe leda da yashin da ya taru a mashiga. Akwai wata baƙar tsutsa mai ɗige-ɗige da ke cin ganyen irin waɗannan tsirrai, har takan huda ta gangara cikin kan. A duba da safe a tsince ta. Kada a yi feshi a wannan wuri ko kaɗan, da rana ko da dare, domin an kafa shi ne don ƙwari su ci lafiya.

Da kaka, a bar ganyen ya bushe da kansa kafin a cire, lokacin ne yake mayar da abinci cikin kan. Da rani ba ta buƙatar ko ɗigo. A kafa 'yan sanduna don a san inda take, kada a tono ta bisa kuskure. Abin da ƙudan zuma ke nema a wannan lokaci ruwan sha ne: a ajiye kasko da tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Da bazara a ƙara ɗan taki, a gyara kunya. Bayan shekara huɗu ko biyar gindin zai cika, sai a raba a ba maƙwabta.

Gargaɗi biyu

Na farko, kama da wane ba wane ba ne. Albasar kwaɗi ba abar ci ba ce. Kanta da ganyenta suna ɗauke da sinadarai masu guba da ke sa amai da gudawa da dalalar miyau, in an ci da yawa abin ya fi haka muni. Masu maganin gargajiya suna amfani da ita, amma wannan ba dalili ba ne na kowa ya gwada da kansa. Kada a ajiye kawunanta a madafa ko kusa da albasar miya. A nuna wa yara ita, a gaya musu ta kallo ce. A kewaye wurin da ƙaya ko darni saboda awaki da kaji, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ruwan jikinta.

Na biyu, sauro. Daga ƙwai zuwa mai tashi yana buƙatar ruwa tsayayye na kimanin mako guda ko fiye. Kwarin da ke shanyewa cikin kwana biyu ba ya ba shi wannan dama, hasali ma yana ɗauke ruwan da zai je lungu ya kwanta. Amma in aka lura ruwa ya fara wuce kwana biyu, ƙasar ta toshe. A sassauta ta, a ƙara yashi, ko a faɗaɗa mafita. Kada a yi sakaci da wannan, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara da masu ciki.

Kwari ɗaya ba zai hana ambaliya ba, ba kuma zai cika rijiyar unguwa ba. Amma gida goma a layi ɗaya, kowanne ya nutsar da duro 90 a shekara, lungunsu zai bambanta da na maƙwabta, katangunsu za su daɗe, gwandarsu da kabewarsu za su samu masu ziyara. Wanda ke son farawa, ya fara da ruwan da za a yi nan gaba: ya tsaya a ƙofar ɗaki ya bi shi da ido, ya sa dutse a inda ya ga ya dace. Sauran aikin na bazara ne. Idan Allah ya kai mu wata daminar, ranar da kwaɗi suka fara kuka, ya leƙa wurin da magariba.